Barmo Ɗan Sin da Bargon Tsohuwa Gao

Idan ka hau matakalar tashar jirgin ƙasa ta titi na 167 ka fito kan babban titin Grand Concourse a unguwar Bronx ta New York, tebur na farko da za ka tarar na Barmo ne. Da sanyi huluna da safar hannu, da zafi tabarau da lema, cajar waya kuwa ba ta da lokaci. Dogo ne siriri, yana ɗingisa ƙafar hagu, kuma akwai wani kallo da yake yi wa mai ciniki kamar ya riga ya san abin da aka zo a ɓoye masa. Ba ya sa takardar kuɗi a aljihu sai ya ɗaga ta sama ya duba. Labari ma haka yake yi masa.

Mutanen Nijar da ke Bronx ba sa kiran sunansa haka kawai, sai sun ƙara masa da Ɗan Sin. Laƙabin ya girmi zuwansa Amurka. A wani ƙauye arewa da Dakoro aka haife shi. Yana saurayi amalanke ya kife da shi ya karya masa ƙafa, karayar ta ruɓe a hannun maɗori, aka kai shi Maraɗi ana cewa sai dai a yanke. Wani likita ɗan ƙasar Sin, guntun mutum mai tabarau, ya duba ya girgiza kai, ya ce wannan ƙafa ba za ta je ko'ina ba. Ya yi ta wanke ta da hannunsa har ta haɗe. Mahaifin Barmo ya kawo masa zabi biyu na godiya, likitan ya mayar, ya nuna yaron ya ce a yanka masa ya ci.

Da kuɗin gyaɗarsa ta farko Barmo ya sayi rediyo, ya kafa allurarta a kan sashen Hausa na Peking, bai ƙara motsa ta ba. Daga nan ya san Shugaba Mao, da gonakin haɗin gwiwa, da likitocin karkara masu yawo ƙauye-ƙauye. Fatauci ya kai shi Kwatano da Abijan, daga baya ya faɗo New York, ya auro Ramatou daga Damagaram, suka haifi Ismaël wanda yanzu yake jami'a. Ya bar abubuwa da yawa a hanya, amma bai bar wannan ba. Mutumin da ba ya yarda da ɗan sanda, ba ya yarda da mai gidan haya, ba ya yarda da hasashen ruwan sama, ya ware ƙasa guda ya ba ta amanarsa duka.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sukan zauna a bayan shagon Nasser su sha shayi. A nan yake haɗuwa da abokin gardamarsa Moro, mutumin zangon Kumasi, tsohon malamin makaranta da yanzu yake tuƙa tasi. Moro ba ya zama sai da waya a hannu, kuma ya san inda zai taɓa Barmo ya tashi.

"Ɗan Sin, karanta da idonka," in ji Moro, ya turo masa wayar. "Shekara uku na yunwa a zamanin mutumin naka Mao. Masu bincike sun ce miliyan talatin. Wasu sun ce arba'in da biyar. Massa, mutane sun mutu paa, ba kaɗan ba!"

Barmo bai taɓa wayar ba. "Tsaya. Talatin ko arba'in da biyar?"

"Akwai masu cewa sha biyar ma."

"To ka gani. Tsakanin sha biyar da arba'in da biyar akwai mutum miliyan talatin da ba a sani ba, ko sun mutu ko suna shan shayi. Kusan Ganarku ke nan dukanta, har da ku 'yan zango. Wa ya ƙirga?"

Aka yi dariya. Nasser ya ƙara masa shayi.

"Ni nan da kake gani," Barmo ya ci gaba, "ranar da mai ƙidaya ya zo garinmu, cikin rumbu aka jefa mu ni da ƙanena, don kada a ƙara wa tsohonmu lanho. Haraji ke nan, ku da ba ku ji Faransanci ba. A takardar gwamnati gidanmu mutum huɗu ne, a bakin akushi mu tara ne. Talaka bai taɓa gaya wa hukuma gaskiyar gidansa ba. Yanzu wani Bature yana zaune a ofis yana haɗa ƙarya da ƙarya, ya ba ka jimla, kai kuma mushe malamin makaranta ka haɗiye."

"A can ba ragewa suka yi ba, ƙarawa suka yi," in ji Moro. "Shugabannin ƙauyuka suka riƙa rubuta amfanin da ba a samu ba don su burge na sama. Gwamnati ya kwashi rabonsa a kan ƙaryar, ya bar rumbu wayam. Aka hana girki a gida, kowa sai kicin na gari. Har tukwane aka tattara aka narke, wai ana son ƙarfe."

Barmo ya yi dariya har da tari. "Mai garin da zai samu dami goma ya ce ɗari? Don a zo a kwashe? A wace duniya? Kai ba ka taɓa noma ba, shi ya sa. Kuma tukunya! Je ka Kumasi ka ce wa tsohuwarka ta ba ka tukunyarta za ka yi ƙusa da ita, in ka dawo da haƙoranka ka ba mu labari. Mutumin da ya koya wa talakawa karatu, ya shimfiɗa dogo daga Tanzaniya zuwa Zambiya lokacin da Turawa suka ce ba riba, ya aiko mana likitoci, shi ne zai bi gida-gida yana satar tukwane? Dubi teburina, komai daga can yake."

"Kayan teburinka sai da ya mutu aka fara yin su."

"Wa ya kafa tushen ginin?"

"A kan wa aka kafa shi?"

Haka suka tashi kamar kullum, kowa da tasa.

Da ya koma gida ya tarar Ramatou ta riga shi dawowa, tana zaune da rigar aiki a jikinta, ba ta kunna ko fitila ba. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu. Shekara guda ke nan ejansinta, ma'aikatar da ke raba su gidaje, ta tura ta Jamaica ta Queens, wurin wata tsohuwa 'yar Sin, Misis Gao, wadda ruɗewar tsufa ta kama har ta manta ɗan Turancin da ta iya. Tsohuwar tana zaune da 'yarta Helen, mai aiki a filin jirgi.

"Maigida, an ce ni ɓarauniya ce."

Ya ajiye jakar kayansa a hankali. "Wa ya ce?"

Ta gaya masa. Watanni ke nan abinci yana ɓacewa a gidan. Shinkafa tana sauka a buhu fiye da yadda ake dafawa, biskit, burodi, busasshiyar taliya, sukari. Helen ta duba kabad-kabad ba ta ga komai ba, uwarta kuwa ramewa take yi. Ta kai ƙara ejansi. Ranar Litinin sufabaiza, mai duba aikinsu daga ejansi, za ta zo gidan. Idan aka rubuta sata a kan sunan Ramatou, ba wannan gidan kaɗai za ta rasa ba, babu ejansin da za ta ƙara ɗaukarta a garin nan, kuma inshorar asibitinsu su uku a kan aikinta take.

Nan take kan Barmo ya hau aikin da ya fi iyawa. Wa ke zuwa Asabar da Lahadi? Adwoa, wata 'yar Gana. To, ga ta nan. Ramatou ta ce Adwoa ba ta ko shan ruwan gidan, da gorarta take zuwa. To ita Helen ɗin fa? Ƙila so take ta kore ta ta kawo mai jin yarensu, ta rasa dalili ta ƙirƙiro. Ko ejansin ce ke son rage ma'aikata. Yana magana yana zagaya ɗakin, har ya kai ƙofar kicin, idonsa ya sauka a kan buhun shinkafar da ke jingine a lungu, mai jan rubutun Sin a jiki. Bai daɗe yana kallo ba. Amma ta gani.

"Kai ka sayo shi a Fordham," in ji ta, muryarta a ƙasa. "Kai ka hau da shi bene kana nishi."

"Ni ban ce komai ba."

"Da ka ce ma da ya fi."

Asabar ta wuce ba ta yi masa magana ba sai gaisuwa. Ya zauna a teburinsa yana ba da canji ba daidai ba. Ran Lahadi da rana ta tuƙa tuwo, ta ajiye masa, ta zauna nesa. Shi ya fara, da dabara irin ta wanda ya san ya yi laifi.

"Ita tsohuwar, wace iri ce?"

Ramatou ba ta huce ba tukuna. Amma tana son tsohuwar, kuma ta gaji da riƙe abin ita kaɗai.

"Ba ta da faɗa. Sai dai halaye. Ba ta ci a tebur. Sai ta juya kujera ta fuskanci bango, ta rufe kwano da hannu ɗaya, kamar wani zai fizge. Kafin in juyo kwanon ya zama wayam, in ce madalla ta ci. Amma ga shi tana ramewa."

Barmo ya tsaya da loma a hannu.

"In na ɗora girki sai ta bi tagogi tana rufewa, ko ana zafi, tana kaɗa tururin da hannu wai kada ya fita. Akwai wata 'yar tukunya da ba ta yarda in wanke. Ran da na ɗauka, ihun da ta yi sai da maƙwabta suka buga ƙofa. Da ita take kwana."

"Da tukunyar?"

"A ƙarƙashin bargo."

Ya mayar da lomar cikin kwano.

Ramatou 'yar birni ce, mahaifinta ma'aikacin gidan waya ne, kuma an haife ta bayan babban fari. Ta ji labarin shekarar da shanu suka ƙare, ba ta gan ta ba. Barmo ya gan ta. Ya ci 'ya'yan anza na daji da aka jiƙa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Ya haƙa gidan tururuwa ya kwashe hatsin da suka tara. Sulaimanu, ƙanen da aka jefa su rumbu tare, a hanyar Dakoro aka binne shi, kuma da yake ba ya cikin takardar gwamnati, ba a rage kowa a lissafi ba. Ruwa ya dawo, gero ya dawo, amma mahaifiyarsu Habiba ba ta dawo duka ba. Har ta rasu bango take fuskanta in za ta ci, hannu ɗaya a kan akushi. Takan ɓoye rabin tuwonta a bakin zane, ta shanya a kan rufin ɗaki in ba kowa. Sun yi ta neman inda take kai shi, a madafa, a rumbu, a cikin tukwane. Sai ranar da aka ɗaga shimfiɗarta.

Wannan duk ya sani. Tukunyar ce bai sani ba, da tagogin. Habiba ba ta taɓa tsoron a ga hayaƙinta ba, ba wanda ya taɓa zuwa karɓar tukunyarta. Wannan wani tsoro ne dabam, kuma shekaranjiya ya ji labarinsa a bayan shagon Nasser, ya yi dariya har da tari.

"Shekarunta nawa?"

"Ta kusa tamanin."

Ya yi lissafi a ransa, lissafin ya fito inda ba ya so. Ya nemi wata hanya. Ƙila ruɗewa ce kawai, tsofaffi suna yin abin da ya fi haka. Ƙila a fim ta gani. Ya juya zancen ta kowane gefe kamar takardar kuɗin da yake fatan ta zama jabu, ta ƙi.

"Gobe tare za mu tafi," ya ce.

Ran Litinin bai buɗe tebur ba. Suka canja jirgi suka sauka a Jamaica. Helen ta buɗe ƙofa, mace mai gajiya a fuska, ta dubi Barmo sama da ƙasa, shi ma ya dube ta haka. Sufabaiza ta ce miji ba ya cikin wannan magana, amma zai iya tsayawa daga bakin ƙofa. Daga nan yana hango ɗakin tsohuwar. Tana zaune a gefen gado, 'yar ƙarama kamar yarinya, baƙar tukunya a cinyarta. A kan ƙarfen ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin taga ya ga ɓarɓashin burodi. Rufin ɗakinta ke nan, wurin shanya.

Sufabaiza ta fara tambayoyi. Helen tana lissafa abin da ya ɓace, ba ta kallon Ramatou.

"Ramatou," in ji Barmo da Hausa, "bargon can mai furanni, kin taɓa wanke shi?"

"Ba ta bari. Ko gyara gado zan yi sai ta riƙe shi."

"Da nauyi?"

Ta juyo ta dube shi.

"Mai yunwa ba ya ɓoye abinci inda ake dafa shi," ya ce. "Inda yake kwana yake ɓoyewa. Ki ce su duba ɗinkin."

Ramatou ta dubi tsohuwar. Tona asirin babba a gaban baƙi ba ƙaramin abu ba ne, ko da babban bai san inda yake ba. Amma sufabaiza ta riga ta zare murfin biro. Ta faɗa musu da Turanci.

Helen ta ɗaga gefen bargon, hannunta ya tsaya. Ɗinkin bakin ba na shago ba ne, zare ne kala-kala, an farke an mayar ba sau ɗaya ba. Ta sa almakashi. Shinkafa ta zubo a ƙasa da ƙara kamar ruwan farko a kan kwano. Bayanta busasshen burodi, biskit, dunƙulen dafaffiyar shinkafa da aka busar aka ƙulle a safa, sukari a cikin safar hannu.

Tsohuwar ta zame daga gado ta durƙusa. Ta kifa tukunyar a ƙarƙashin cikinta, ta ɗora hannu biyu a ka, tana magana da sauri cikin wata 'yar siririyar murya.

"Mi take cewa?" Barmo ya tambaya. Ya manta an ce ya tsaya a ƙofa.

Helen ta durƙusa kusa da ita. Da ƙyar take fassarawa, don yaren ƙauye uwar ta koma. "Tana cewa kada a doke ta. Kada a gaya wa shugaban ƙungiyar gona. Wai ba nata ba ne, na ƙanenta ne." Ta ɗago. "Mamata ba ta da ƙane. Ita da yayarta ne kawai."

Ta yi wa uwar tambaya a hankali, wane ƙane ne, kuma wa da wa suka rasa a gidansu. Tsohuwar ta fara kiran sunaye, tana lanƙwasa yatsa a kan kowanne. Barmo bai iya riƙe ko ɗaya ba, sautin ya yi masa nisa. Yatsun ya bi. Da ta kai babban yatsa ta dunƙule hannun ta riƙe a ƙirji.

Sufabaiza ta mayar da murfin bironta. Helen ta tashi ta ɗauko jakar shara, tana kuka tana ba Ramatou haƙuri, tana tattara burodin.

"A'a, madam," in ji Barmo da Turancinsa na bakin titi. "Kada ki zubar." Ya rasa kalmomi, ya juya ga matarsa. "Gaya mata. Mu mun yi wannan kuskuren da tsohuwarmu sau ɗaya, muka kwashe wanda ta shanya muka ba kaji. Kwana ta yi tana yawo a tsakar gida. In suka kwashe, gobe za ta fara daga farko, kuma abincin bakinta za ta rage ta cika shi. A cire wanda ya lalace, a sa mata na leda wanda ba ya ɓaci. Ta ga rumbunta cike, sannan za ta ci."

Ramatou ta nemi allura. Ta zauna a ƙasa kusa da tsohuwar, ta mayar da biskit da taliya cikin bargon a gabanta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗinke. Tsohuwar tana bin allurar da ido. Da aka gama ta shafa ɗinkin, ta ja bargon ta rufe tukunyar.

Ba a rubuta komai a kan sunan Ramatou ba. Helen ta roƙe ta kada ta nemi canjin gida. A jirgin dawowa suka zauna kafaɗa da kafaɗa har suka haye kogi.

"In mun isa ka farke buhun kicin ɗinmu ma," in ji Ramatou tana kallon taga. "Ƙila akwai abin da ya rage maka."

"Ki yafe mini."

"Zan duba takardar tukuna, in ɗaga ta sama."

Juma'a ta zagayo. Moro ya zo da sabon abin da ya samo a waya, ya turo masa tun kafin a zuba shayi. Barmo ya ture ta da bayan hannu.

"Har yanzu ban yarda da wayarka ba. Wanda ya ce sha biyar da wanda ya ce arba'in da biyar, ba wanda ya je da tsinke ya ƙirga. Kuma dogon nan an shimfiɗa shi, ƙafar nan tawa ga ta."

"Ei, mun koma gidan jiya."

"Amma zancen tukunya, bar shi. An yi."

Moro ya janye wayarsa. Nasser ya tsaya da buta a sama.

"Wa ya gaya maka, Ɗan Sin? Bature?" in ji Moro.

"Ba ruwanka."

"To yanzu nawa ka yarda sun mutu?"

"Biyar na sani," in ji Barmo. "A gida ɗaya. Sauran gidajen ban shiga ba."

Moro ya mayar da wayarsa aljihu. Barmo yana juya cokali a kofi, hankalinsa yana Maraɗi. Tun ran Litinin yake ƙoƙarin tuna fuskar likitan nan, yana kintata shekarunsa, yana ja da baya zuwa shekarun da Moro yake faɗa. Saurayi ne a lokacin, ba shakka, a wani gari ko ƙauye na can. Ya tuna yadda mutumin yakan tsaya a kan marar lafiyar da ya rage abinci, ba ya tafiya sai ya ga ƙasan kwano. Ya tuna zabin nan biyu, da yatsan da ya nuna shi da shi ya ce a yanka masa ya ci. Shekara kusan hamsin yana ɗauka koyarwar Shugaba ce ta sa shi haka.

Ya kurɓi shayin. Ya huce.

"Nasser, wanga shayi naka," ya ce, "ka tabbata ba na jiya ba ne ka ɗumama?"